Ranar waƙa coci ya cika, ranar nazari mu bakwai ne, dan Allah ku ba ni shawara

Shugaban Matasa:

Salama 'yan'uwa a cikin Ubangiji. Shawara nake nema, musamman daga wajen iyayenmu da duk wanda ya taɓa riƙe zumuntar matasa, domin abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Shekara biyu kenan da aka ɗora min shugabancin matasa a majami'armu, sashen Hausa, nan cikin Kano wajen Birget, ba zan faɗi sunan cocin ba don ba tonon silili ya kawo ni ba. A rajista matasanmu sun haura tamanin. Ranar Asabar da yamma da ake koyon waƙa, tun kafin a tada janareta wuri ya cika, wasu ma a bakin taga suke tsayawa. In kuwa muka ce za a yi daren yabo toh sai ka ga fuskokin da rabonka da su tun Kirsimeti, har da abokansu daga No Man's Land da Badawa da Dakata. Amma ranar Laraba ƙarfe biyar, lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki, mu bakwai ne, in an yi sa'a mu kai sha biyu, a cikin bakwan ma uku 'yan kwamiti ne da dole ta kawo su.

Da can ina cewa ba komai, tunda dai suna zuwa gidan Ubangiji ai da sauƙi. Abin da ya tada min hankali wata biyu da suka wuce ne. Akwai wani yaronmu ɗan shekara sha tara, yana koyon gyaran waya a Farm Center, shi ne ma yake buga mana ganga. Bayan an tashi sujada ya ja ni bayan coci wajen tankin ruwa yace Yaya ina da magana. Wai suna cin abinci a shago sai abokan aikinsa suka tambaye shi, ba da faɗa ba fa, cikin hira kawai, me ya sa kuke cewa Allah yana da ɗa, kuma in Yesu Allah ne toh wa yake yi wa addu'a a Getsamani? Yace shi dai murmushi ya yi ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwance wayar da ke hannunsa, amma daren nan bai runtsa ba. Yaron nan a coci aka haife shi, an yi masa baftisma, waƙoƙin da ke kansa ni kaina ban san adadinsu ba. Na miƙa masa Littafi nace buɗe min Yohanna sura ta ɗaya, sai na ga yana ta lalube can cikin Tsohon Alkawari. Da na buɗe masa kuma karatun ya zama aiki, yana haɗa baƙi ɗaya ɗaya, domin da Turanci ya yi makaranta, Hausa a baki kawai ya iya ta. Nace toh mu ɗauko na Turanci, yace Yaya wancan ina karantawa sarai amma ba ya shiga. Kun ga ya faɗa tsakani kenan, Hausar bai iya karantawa ba, Turancin bai gama ganewa ba.

Mun yi kusan awa biyu na faɗa masa iya abin da na sani, amma da na koma gida sai na ce yara nawa ne irinsa da ba su zo sun faɗa min ba? A Kano muke fa. Yaronmu in ya fita da safe, daga mai adaidaita har maigidansa a kasuwa har abokin bencinsa a makaranta kusan duk Musulmi ne, kuma su sun san nasu, tun suna ƙanana suke zuwa makarantar allo da Islamiyya, yaro ɗan shekara goma zai kawo maka aya da ka. Mu kuma namu awa ɗaya ce ta makarantar Lahadi a sati, ita ma rabinta a tsawatarwa take ƙarewa. Ba wai so nake yaranmu su zama masu gardama ba, Allah ya kiyaye, zaman lafiya muke so da maƙwabtanmu. So nake in an tambaye su dalilin begen da suke da shi su iya amsawa cikin ladabi da tawali'u yadda 1 Bitrus 3:15 ta koya mana.

Na kai maganar gaban dattawa, wasu suka ce a kafa doka, duk wanda bai zo nazari ba kar ya riƙe makirfo ranar Lahadi, wani Baba ma cewa ya yi a kulle kayan kiɗan wata uku a ga waye na Allah waye na ganga. Ni zuciyata ba ta kwanta da haka ba, don na san ana kulle kayan nan rabinsu za su tsallaka cocin Turanci da ke bayan layinmu, dama da ƙyar muke riƙe da su. Amma kuma zuba ido ba zai yiwu ba. Ya kuka yi a wajenku? A kafa dokar ko akwai wata hanya?

Mai Kibod:

Yaya sannu da ƙoƙari. Ni ina cikin irin waɗanda kake magana a kai, kibod nake bugawa a namu cocin a Sabon Gari kuma gaskiya rabona da nazarin tsakiyar sati an jima, toh bari in faɗa maka namu ɓangaren don kullum mu ake yi wa kallon marasa son Maganar Allah.

Na farko wa ya zaɓi biyar na yamma ranar Laraba? Ma'aikatan gwamnati ne da 'yan fansho suka zaɓa don su ya yi wa daidai. Ni a Kantin Kwari nake tsaron shagon yadi, maigida ba zai sallame ni ba sai an shigar da kaya an kulle wajen shida, kafin in samu adaidaita in keta cunkoso in iso an yi addu'ar rufewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma kuɗin mota ya zama abin da ya zama, yaron da ake ba ɗan kuɗin abinci a shago ba zai iya zuwa coci sau uku a sati ba, dole ya zaɓa, Lahadi dole ce, saura ɗaya, kai da kanka ka san Asabar zai ɗauka tunda a nan ne ake buƙatarsa, in bai zo ba an san bai zo ba. Ranar Laraba ko ka zo ko ba ka zo ba kujera ce kawai.

Na biyu wanda ya fi min ciwo, abin da ake kira nazari wa'azi ne na biyu. Mutum ɗaya zai tsaya awa guda yana magana, a ƙarshe ace akwai mai tambaya, kafin ka ɗaga hannu an ce toh tunda babu mu yi addu'a. Na taɓa ƙarfin hali na tambaya, bayan rasuwar ƙanwata, nace in Allah yana jin addu'a me ya sa muka yi azumi muka yi kuka amma ta tafi, sai wani babba yace min in yi hattara shaiɗan ne ke sa min shakka. Daga ranar ban sake buɗe baki ba, bayan sati kaɗan na daina zuwa gaba ɗaya. Sai daga baya ni kaɗai ina karanta Zabura na ga ashe Dawuda ma ya tambayi Allah har yaushe zai manta da shi, a Zabura 13, ba a kore shi ba, an ma rubuta tambayar a cikin Littafi. Da wannan aka nuna min ranar da har yau ina zuwa.

Amma mu ma muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Waƙoƙin da muke ɗaukowa a YouTube da yawa layi ɗaya ne a yi ta maimaitawa sau ashirin, jiki ya yi daɗi a yi gumi a tashi, in ka tare mai jagoran waƙar a ƙofa kace me waƙar take cewa sai ya tsaya yana kallonka. Wani lokaci muna kan kiɗa fasto ya hau wa'azi mu kuma mu zame waje shan iska da danna waya. Wannan kam ba daidai ba ne kuma a faɗa mana. Amma dan Allah kar a kulle kaya.

Maman Zumunta:

Ɗana Shugaban Matasa, Ubangiji ya yi maka albarka da ka damu har ka kasa barci saboda ɗan wani. Kai kuma Mai Kibod, Allah ya ƙara maka ta'aziyya, wanda ya faɗa maka wannan maganar bai kyauta ba ko kaɗan.

Ni abin da na gani a maganarku shi ne kun raba abu biyun da ba a raba su. Kun sa waƙa ranar Asabar kun sa koyarwa ranar Laraba kamar kishiyoyi kowa da ɗakinta. Mu a zumuntar mata ba haka muka taso muka tarar ba. Mahaifiyata a ƙauyenmu can ƙasar Sumaila ba ta taɓa riƙe fensir ba har ta koma ga Ubangiji, amma ka ce ta ba ka labarin Rut da Na'omi, ko na Yusufu tun daga rami har fadar Fir'auna, ko ɗan nan da ya karɓi gadonsa ya tafi ya lalatar, za ta ba ka tiryan tiryan ba ta tsallake komai ba. A ina ta koya? A bakin tulu da kacau-kacau. Wadda ta iya karatu ta karanta surar, a zauna a tattauna, sannan a ɗora mata murya, kafin sati ya zagayo kowa ta haddace. Ina tunawa tana durƙushe a kan dutsen niƙa da asuba tana rera labarin matar nan da ta taɓa gezar rigar Yesu, dutsen yana tafiya daidai da waƙar, ni ina zuba mata dawa kaɗan kaɗan, ban san karatu ake min ba sai da na girma na buɗe Markus 5 na tarar na riga na san abin da ke ciki. Ku duba Kolosiyawa 3:16, ai manzo Bulus haɗa su ya yi, a koyar da juna a gargaɗi juna, da zabura da waƙoƙi, duk a aya ɗaya.

Toh shawarata, tunda ranar Asabar suke zuwa, kai ka bi su can. Kar a tada janareta sai an yi minti talatin a kan Magana, fetur ma ya huta. Kuma ba wani darasi daban za ka ɗauko ba, waƙar da za su yi gobe Lahadi ita za a shimfiɗa a tsakiya, a tambaya daga wace aya ta fito, kowa ya buɗe ya nemo. Wadda aka nema aka rasa gindinta a Littafi a ajiye ta. Za ka ga su da kansu sun fara tace waƙoƙin. In ka samu masu baiwa a cikinsu ka ba su sura guda kace wata mai zuwa ina son waƙa a kan wannan, da Hausa, yaron da ya zauna ya juya Romawa 8 ta zama waƙa ba zai manta da ita ba har ya tsufa.

Sai kuma mu iyaye, kar mu ɗora wa wannan bawan Allah kayan da namu ne. Timoti a wajen kakarsa Lowis da uwarsa Afiniki ya samu bangaskiya tun kafin ya haɗu da Bulus. Ni jikoki huɗu ne a hannuna, bayan an ci tuwon dare ba mai tashi sai kowa ya karanta aya ɗaya da Hausa da babbar murya, in babu wuta da fitilar waya, ƙaramar cikinsu da ƙyar take haɗawa muna gyara mata, minti goma ne kawai. Da yawanmu mun daina yi wa yara Hausa a gida wai don su iya Turanci, sannan mu kawo su sujadar Hausa muna mamakin suna hamma.

Abu ɗaya kuma, duk maganarku 'yan ganga da 'yan jita nake ji, ina 'yan matan? Su ma suna da tambayoyi, na aure, na saurayin da ba addini ɗaya ba, na maigida a wajen aiki da ke takura musu, kuma ba za su faɗa maka ba don kai namiji ne, bai ma dace ka keɓe da su kai kaɗai ba. Ka je wajen shugabar zumuntar matanku ka roƙa ta ba ka mata biyu ko uku masu riƙe sirri.

Kyaftin BB:

Mama na gaishe ki, maganarki dutse ce. Amma ni ina bayan dattawa a kan doka, ko da ba a kulle kaya ba. Mu a Boys' Brigade, ƙungiyar horar da yara maza a coci, tun da William Smith ya kafa ta a Glasgow a 1883 abu biyu ne ke tafiya tare, fareti da ajin Littafi, shi Smith ɗin ma malamin makarantar Lahadi ne da yara suka gagare shi ya nemo dabara. A rukuninmu na Brigade yaron da bai zo ajin Littafi ba ba ya taɓa bigila ba ya taɓa ganga, shikenan, kuma ba su gudu ba, sun ma fi ɗaukar abin da daraja. Wanda zai tsaya gaban jama'a ya jagoranci sujada ai hidima yake yi, ba a ba mutum hidima ba tare da sharaɗi ba. A gyara lokaci yadda Mai Kibod ya faɗa, na yarda, amma bayan an gyara toh wanda bai zo ba ya zauna a benci wannan Lahadin. Sai dai dokar ta fara daga kan 'ya'yan dattawa da ɗan fasto, in aka yi sonkai sau ɗaya ta mutu.

Baba Rabaran mai ritaya:

Salama gare ku 'ya'yana. Jikata ce ta karanta min wannan zancen, ni nake faɗa tana rubutawa.

Ɗana, abin da ya fi taɓa ni a labarinka shi ne yaron da ya kasa karanta Yohanna da Hausa. Ku yaran yanzu ba ku san wahalar da aka sha kafin Littafin nan ya zo hannunmu ba. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba suka juya. Miller ya zauna a Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa, ya yi shekaru yana fama da fassara tare da Hausawan da suka taimake shi da sauran 'yan mishan, sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Shekara talatin da wani abu kenan. Aka sake sabuwar fassara a 1979, shi ya sa za ka ji mu tsofaffi muna cewa Kubawar Shari'a da Ru'ya ta Yohanna, ku kuma naku ya ce Maimaitawar Shari'a da Wahayin Yahaya, duk abu ɗaya ne, amma ka bayyana wa yaranka wannan don na sha ganin yaro ya rikice a kai yana jin kunyar tambaya.

A zamaninmu ikilisiya ita ce makarantar karatu. A ƙauyenmu mai bishara da allo da alli ya zo, da dare bayan an dawo gona a kunna aci-balbal a zauna a, ba, ca, manya da yara, kuma ba a gaggawar yi maka baftisma, sai ka daɗe a aji ana tambayarka kana amsawa. Lokacin da ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954 yawancin masu ɗauke da aikin irin waɗannan mutanen ne, manoma masu Littafi ɗaya da Littafin Waƙoƙi ɗaya a jaka. Da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya zo a shekarun 1960 ina saurayi, ƙungiyoyin addu'a ƙanana aka kafa gida gida, aka koya mana ayoyin ceto da ka, sannan aka tura mu biyu biyu. Ba mu da sifika ba mu da janareta. Ban ce zamaninmu ya fi naku ba, mu ma mun yi kurakurai, mun tsananta a inda bai kamata ba, mun hana kiɗe-kiɗen gargajiya da yawa da ba su da laifi. Amma karatu kam mun riƙe shi.

Saboda haka kafin komai ka buɗe ajin karatun Hausa. Kar ka ji nauyin abin. Yaron da ya iya karanta Turanci kuma yana jin Hausa, sati kaɗan ya ishe shi, abin da ke ba su wuya ƙa da ɗa da ɓa da tsa ne da rashin sabo. Ka sa su karanta da ƙarfi bi da bi, Markus za ku fara da shi don gajere ne, sura 16, labari ne kuma mai tafiya da sauri. Ka duba Nehemiya 8, da Ezra ya karanta Shari'a a gaban jama'a ba a tsaya a karatu ba, Lawiyawa sun bi mutane suna fassara suna ba da ma'ana har kowa ya gane. Filibus ma da ya tarar da mutumin Habasha yana karanta Ishaya a cikin karusa, tambayarsa ya fara yi ko yana gane abin da yake karantawa, sannan ya hau ya zauna kusa da shi. Ka lura, zama ya yi kusa da shi, bai tsaya a kan mumbari ba.

Game da tambayar da aka yi wa yaron a kasuwa, wannan tambaya ce mai kyau kuma ta cancanci amsa mai kyau. Abu na farko da zai sani shi ne mu ba mu ce Allah ya yi aure ya haihu ba, wannan mu ma saɓo ne a wurinmu, kuma Allah ɗaya muke bauta wa, Yesu da kansa ya faɗa a Markus 12:29. Daga nan sai a bi da shi Yohanna 1 a hankali a kan Kalman da yake tun fil azal ya zama mutum, sai Filibiyawa 2 a kan yadda ya ƙasƙantar da kansa, a nan ne zai gane addu'ar Getsamani. Wannan ba darasin yini ɗaya ba ne. Ka kuma koya masa in an tambaye shi abin da bai sani ba yace zan tambayo in dawo, ba abin kunya ba ne, kuma kar ya taɓa zagin addinin kowa. Na yi shekaru a garin nan, maƙwabtana Musulmi sun yi min alherin da ba zan manta ba.

Doka kuwa, Kyaftin, ka yi haƙuri, a fara ba su abinci tukuna. In an dafa mai kyau an ajiye a lokacin da za su iya zuwa suka ƙi ci, sannan a yi maganar doka.

Ɗalibar BUK:

Baba mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina so in ƙara kaɗan daga abin da na gani a FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, tun ina sakandare nake ciki. Ƙungiyar nan tun 1957 aka fara ta a Gindiri kuma abin da na ga yana riƙe ɗalibai ba taron da ake cika ɗaki ba ne, ƙananan rukunin nazari ne, mutum shida ko takwas, da takardar tambayoyi, mai jagora aikinsa ya yi tambaya ya yi shiru. Ranar da aka fara ba ni jagora na yi kwana uku ina karanta sura ɗaya don tsoron kar a tambaye ni in rasa amsa, abin da na koya a kwana ukun nan ya fi na wata shida ina zaune ina saurare. Toh Yaya ka daina ɗaukar koyarwar kai kaɗai, ka raba tamanin ɗin nan unguwa unguwa, 'yan Dakata su haɗu a gidan wani a Dakata, ba kuɗin mota, ba dawowa cikin dare, ka zaɓi masu jagora ka riƙa zama da su kai da fasto sau ɗaya a wata.

A kan harshe kuma Baba ka yi min afuwa, na yarda a koyi karatun Hausa ɗari bisa ɗari, amma kar a hana Turanci a wajen nazari. Cocinmu na Hausa a Kano ba Hausawa ne zalla ba, akwai 'yan kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da Borno da Gombe, Hausa ce ta haɗa iyayensu amma 'ya'yan wani da Turanci yake tunani. Mu abin da muke yi a karanta ayar da duka biyun, sau da yawa ma a nan ne ma'anar take fitowa, wani yace ashe abin da kalmar nan take nufi kenan alheri, kyautar da ba ka cancanta ba.

Waya ma a yi amfani da ita tunda tana hannunsu. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a manhaja har da na saurare, wanda ke tsaron shago zai iya sa abin kunne ya ji sura guda kafin kwastoma ya zo. Amma in za ka buɗe guruf na WhatsApp ka sa masa ƙa'ida tun ranar farko, in ba haka ba sati biyu zai koma wajen tura hotunan barka da safiya da tallan takalma. Sannan ka ajiye kwali a bayan coci mai ɗan rami, duk mai tambayar da yake jin kunya ya rubuta ya jefa ba suna. Mun gwada, tambayoyin da suka fito sun sa wasu manyanmu hawaye, ba su taɓa zaton yaran suna ɗauke da irin wannan ba.

Shugaban Matasa:

Kai, na gode ƙwarai, Baba, Mama, Kyaftin, 'yar'uwa, Ubangiji ya sāka. Mai Kibod maganarka ta shige ni, domin ni ma in na duba haka nake yi, in yi ta magana har lokaci ya ƙare, kuma ban taɓa tambayar yaran wane lokaci ne zai yi musu ba, na tarar ana yi Laraba na ci gaba da Laraba.

Jiya da daddare na je gidan fasto na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Ya yarda mu gwada na wata uku, nazari ya koma Asabar kafin a tada janareta, da waƙoƙin Lahadi da Markus za mu fara, kwalin tambaya kuma matarsa tace ita za ta riƙe makullin don 'yan mata su saki jiki. Maganar doka ya ce a jingine sai an ga yadda wata ukun ya kasance, Kyaftin ban watsar da taka ba, zan kai ta gaban dattawa yadda ka faɗe ta har da batun 'ya'yansu. Rukunin unguwa ne nake ɗan jin tsoro, don ba kowane mai gidan haya ne zai yarda a riƙa taruwa a gidansa ba, sai mun bi a hankali mun nemi izini.

Mai gangar nan na kira shi ɗazu nace shi zai karanta Markus sura ta ɗaya ranar Asabar da Hausa a gaban kowa, ya yi shiru yace Yaya za su yi min dariya, nace toh ka zo gidana gobe da jibi bayan ka tashi daga shago mu yi ta bita, yace zai zo.

Baba, in jiki zai bari, ko za ka zo mana Asabar ta biyu a cikin wata ka ɗauki darasin Yohanna 1 ɗin nan da kanka? Ni zan zo da adaidaita in ɗauke ka in mayar da kai kafin magariba. Jikarka ta turo min saƙo ta akwati in ba ta lambata.